Yadda ake shan kwana ba tare da mota ta ƙwace ba

Birki ba shi ke tsayar da mota ba, sitiyari kuma ba shi ke juya ta ba. Taya ce ke yin aikin biyu, su nasu umarni ne kawai. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wannan ɗan wuri yana da iyaka. Kamar kuɗin cefane yake: abin da ka kashe a birki ba za ka same shi wajen juyawa ba. Direban da ya shigo kwana da gudu, sai da ya kai tsakiya ya danna birki yana murza sitiyari, ya nemi abu biyu a wurin tayar da abu ɗaya kawai za ta iya ba shi a cike. A nan ne mota ke ƙwacewa, sai ka ji ana cewa sitiyari ya ƙi, alhali sitiyarin lafiyarsa ƙalau.

Akwai lissafin da ya kamata kowane direba ya riƙe a ka. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi. Ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninka sau huɗu. Daga kilomita 40 a awa zuwa 60, ƙarin 20 ne kawai a allon mota, amma abin da taya ke ɗauka ya haura ninki biyu. Ɗauki matsattsiyar kwana wadda daga tsakiyar da'irarta zuwa inda mota ke bi mita 30 ne. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, mota za ta fara zamewa a wajen kilomita 50. Da ruwa ya jiƙa titin, iyakar ta sauko ƙasa da 40. In akwai yashi ko baƙin mai a kai, ta ƙara yin ƙasa. Wannan kuma iyakar zamewa ce, ba gudun da ake shiga da shi ba. Irin wannan kwana 25 zuwa 30 ya ishe ta. Dokar hanya ta Ghana ta 2012 ta sa 50 a cikin gari, 30 kusa da makaranta da kasuwa, 90 a babbar hanya, amma allon gudu bai san halin da kwanar take ciki yau ba.

Zama da riƙon sitiyari

Gyara kujera kafin ka tayar da inji. Ka taka kuloci har ƙasa, ko birki in motar otomatik ce, gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa. Ka jingina kafaɗunka da kujera ka miƙa hannu: wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da bayanka ya rabu da kujerar ba. Masu kwantar da kujera baya suna tuƙi da yatsu biyu, da kwana ta zo jikinsu ke zamewa, sai su riƙe sitiyari don kada su faɗi maimakon su juya shi. Bel ma aikinsa ke nan tun kafin a zo maganar hatsari, shi ke riƙe ka a wurin zamanka.

Hannu biyu, ɗaya a ƙarfe tara na agogo, ɗaya a ƙarfe uku. A hanyar burji ko mai ramuka kada ka zura babban yatsa cikin sitiyari, in taya ta bugi rami zai iya fizgewa ya gurɗe maka shi.

Karanta kwanar tun daga nesa

Wannan shi ne mataki na farko a kan hanya, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba duk kwana ke da allo ba, wata kuma ciyawa ta rufe allonta tun damina. Sai ka duba jerin turakun lantarki da layin itatuwa, su kan nuna inda hanya ta nufa. Duba jar fitilar motar da ke gabanka. In ka ga ganye ko rassan itace an jera a kan kwalta, mota ce ta lalace a gaba, sau da yawa a bayan kwanar daidai inda ba a hange, to cire ƙafa daga totur nan take.

Sannan ka kafa ido a wuri mafi nisa da kake iya gani na titin, inda bakin dama da bakin hagu suke kamar sun haɗe. Wannan ɗigon shi zai gaya maka gudun da ya dace. In yana matsowa gare ka, gudunka ya yi yawa, ci gaba da ragewa. In tazararku ta tsaya cik, kuna tafiya tare, gudun ya yi daidai. In ya fara guje maka, kwana ta buɗe, kana iya ƙara mai. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce ka iya tsayawa a hannunka cikin tazarar da idonka ke gani. A gudun 50 mota na cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya ta ganin abu da kai ƙafa kan birki, da wasu mita 14 na birkin kansa a busasshen titi, kusan 28 ke nan. A jiƙaƙƙe ya kusa 40. In abin da kake hange a kwanar bai kai haka ba, 50 ya yi maka yawa ko da taya za ta iya riƙewa.

Inda za ka ajiye motar

Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ke bin hannun dama, saboda haka duk shawarar da aka rubuta don ƙasashen da ke bin hagu sai an juya ta. Kwanar da ta yi hagu, matsa wajen bakin titi na dama: ka fi hangen gaba, kuma ka yi nesa da mai zuwa wanda ya yanko layinka. Kwanar da ta yi dama, ɗan matso wajen layin tsakiya don ka ga abin da ke ɓoye, amma kada taya ta taɓa layin, kuma da ka hango babbar mota ka koma tsakiyar hannunka. Yanke kwana ta hanyar shiga hannun wasu, wai don a miƙar da ita, dabarar filin tsere ce inda babu mai zuwa. A hanyar Mampong akwai mai zuwa, kuma sau da yawa shi ma yankowa yake.

Birki, giya, sannan sitiyari

Jerin nan ba a sauya shi. Duba madubi, don trotro, wato bas ɗin haya, da ke manne da bayanka bai san za ka rage ba. Taɓa birki kaɗan fitila ta kama ya gani. Sannan ka taka sosai tun mota tana miƙe, lokacin da taya ba ta da wani aiki sai tsayarwa. Taka da ɗan ƙarfi a farko, ka riƙa sassautawa yayin da kake isa bakin kwana. Kada ka ɗauke ƙafa farat ɗaya. Birki na tura nauyin mota gaba, sakinsa kwatsam na mayar da nauyin baya, gaban ya yi sakayau daidai lokacin da kake son ya kama.

Da gudu ya sauko, sa giyar da za ta fitar da kai. Kwanar mahaɗa a cikin unguwa, irin na Aboabo da Asawase a Kumasi inda gota ke buɗe a gefe, giya ta biyu ce, gudun 15 zuwa 20. Kwanar babbar hanya ta 40 zuwa 50, giya ta uku. Saki kuloci gaba ɗaya kafin ka fara juyawa. Shan kwana da kuloci a take, ko da giya a firi, yana raba inji da taya, motar ta zama tana gangarawa da nauyinta kawai, ba abin da ke daidaita ta. Sakin kuloci da garaje a tsakiyar kwana kuma yana iya sa tayoyin da ke ja su yi turjiya su zame, musamman a ruwa.

Yanzu juya sitiyari, sau ɗaya, a hankali, kana ƙarawa har ya kai yadda kwanar ke so, sai ka riƙe. Mota na buƙatar ɗan lokaci ta kwantar da nauyinta kan tayoyin waje. Fizga ba ta ba ta wannan lokacin. Idonka kuma ya riga motar zuwa mafita, domin hannu inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya ƙura wa gota ido don yana tsoronta, cikinta yake ƙarewa.

A cikin kwanar ƙafarka na kan totur, kaɗan, gwargwadon abin da zai hana gudun raguwa ko ƙaruwa. Da ka ga mafita ta buɗe, fara warware sitiyari, kana warwarewa kana ƙara mai. In sitiyari bai fara komawa ba, lokacin mai bai yi ba. Kuma kada ka sake shi ya koma da kansa yana zamewa a tafin hannunka. Rami ɗaya ya isa ya karkatar da shi.

Kwana biyu a jere, hagu sannan dama, ta biyun ake yi wa shiri. Ka fito daga ta farko a hankali, ka bar mota ta miƙe ko na daƙiƙa ɗaya ne kafin ka juya ta ɗaya gefen, in ba haka ba nauyin da ya kwanta a gefe guda zai watso ɗaya gefen da ƙarfi biyu.

In gaba ya ƙi juyawa

Ka murza sitiyari, mota ta ci gaba da miƙewa, sitiyarin ya yi sakwaf a hannu, wani lokaci da ƙarar taya. Tayoyin gaba ne suka zame. Yawancin ƙananan motocin da ke Kumasi, Corolla, Vitz, Picanto, i10, da gaba suke ja, kuma haka suke yi in an shigo da gudu ko an ba su mai da wuri. Abin da jiki ke so shi ne ƙara murzawa, kuma shi ne kuskuren: tayar da ta riga ta zame, ƙara mata kwana ƙara mata zamewa ne. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, nauyi ya dawo gaba. Warware sitiyarin kaɗan har ka ji ya yi nauyi, alamar taya ta kama, sannan ka sake juyawa. In motar na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an danna birki, kuma wuri ya ƙure, taka birki da ƙarfi ka riƙe, kana juyawa. Feda zai yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka da ƙara kamar wani abu ya karye; aikinsa ke nan, kada ka saki. In babu ABS, tayar da ta kulle ba ta juyawa ko kaɗan, dole ka sassauta birkin har ta koma birgima.

In baya ya kwashe

Wannan ya fi muni don ya fi sauri. Bayan mota ya zame waje, hancinta ya nufi cikin kwana fiye da yadda ka juya. Motoci masu ja da baya, Sprinter, Hiace, Urvan, da Hilux da babu kaya a bayanta, suna yin haka in an ba su mai da yawa a jiƙaƙƙen titi. Mai ja da gaba ma tana yi, in an ɗauke ƙafa daga totur kwatsam ko an danna birki a tsakiyar kwana, ko tayoyin baya sun suɗe.

Kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can da sauri, wato gefen da bayan ya zame. Kada ka taɓa birki. A mai ja da baya, rage mai a hankali. A mai ja da gaba, riƙe man yadda yake. Sai abin da ya fi kayar da mutane: da bayan ya tsaya da zamewa ya fara dawowa, mayar da sitiyari tsakiya nan take. Wanda ya makara, motar za ta watsa shi ɗaya gefen, kuma zamewa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. In ta riga ta juya gaba ɗaya babu ceto, taka birki da kuloci har ƙasa ka riƙe har ta tsaya.

Motocin da ke da na'urar hana zamewa, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, suna kama birkin taya ɗaya da kansu su miƙar da motar. Alamarta a allo mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. In tana ƙyaftawa, aiki take, kuma tana gaya maka ka wuce iyaka. In ta kama ta zauna, ko fitilar ABS ta zauna, na'urar ba ta aiki. Mai sayen mota ya kunna makulli ya tabbata fitilun nan sun kama sannan sun mutu. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an rufe shi.

Tayar dama ta faɗa gefen kwalta kuwa, inda ruwa ya cinye ƙasa ya bar gaɓa, kada ka fizgo ta. Riƙe sitiyari a miƙe, cire mai, bari gudun ya sauko sosai, duba madubi, sannan ka hau da ɗan juyi kaɗan. Fizgowa da gudu ita ke cilla mota hannun masu zuwa.

Gangara mai kwana

Gangaren Kuntanase zuwa Abono a bakin tafkin Bosomtwe, hawan dutsen da ke tsakanin Jamasi da Mampong, hanyar Nkawkaw zuwa saman Kwahu, ko ta Aburi ga mai fitowa daga Accra, duk hukuncinsu ɗaya. Giyar da za ta hau da kai ita za ta sauko da kai, kuma tun a sama ake sa ta. A otomatik ja lever zuwa 2 ko L, ko ka rage da hannu in tana da wannan. Birki kuma a guntun miƙaƙƙen wuri tsakanin kwana da kwana: taka sosai, rage, saki ya huce. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa yana gasa shi. Man birki na shan danshin iska, kuma Kumasi ba ta rasa danshi. Sabon man birki irin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155. Da ya tafasa feda zai nutse har ƙasa babu komai. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Ka ji ƙauri ko feda ya yi laushi, sauka giya, nemi wuri ka tsaya.

Masu sa firi ko kashe inji a gangara don tsimin mai su sani: inji na mutuwa sitiyari zai yi tauri, birki kuma taku biyu ko uku ne ya rage masa kafin ya zama dutse.

Shataletale da abin da ke zube a kai

A shataletalen Suame, Santasi ko na filin jirgi, wanda ke ciki shi ke da hanya, daga hagunka yake zuwa. Rage tun kafin ka iso, giya ta biyu. Kwaltar irin wuraren nan ta sha taya ta yi sulɓi, tifa na zubar da yashi da tsakuwa a gefen waje, manyan motoci na ɗigar da baƙin mai. Ruwan farko bayan hunturu, wajen watan Maris, shi ya fi haɗari, don yana taso da mai da ƙurar da suka taru wata da watanni. In ka ga kwalta na ƙyalli da launi-launi, mai ne. Tirelolin da ke ɗauko kaya daga Tema zuwa Burkina da Mali da Nijar sai sun buɗe waje kafin su juya, tayoyinsu na baya kuma suna yanko ciki. Kada ka cusa kai tsakaninsu da bakin da'irar. Pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, da babur kuma ta damanka suke ɓullowa daidai lokacin fita, sai ka waiga kafin ka karya.

Kaya

Nauyi a sama shi ke kifar da mota. Trotro da aka ɗaure wa buhuna a rufi, ko jif mai tsayi, tana iya kifewa tun taya ba ta zame ba. Mai nauyi ya zauna ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Tasi da aka cika wa but da doya har bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyarinta ba ya kama ƙasa sosai. Pragya da aboboya mai ɗaukar kaya ƙafa uku gare su, ba su da tayar da za ta tare su a kusurwar gaba, rabin gudun mota ya ishe su a kwana.

Abin da za a duba a jikin motar

Iskar taya da safe ake aunawa kafin a yi tafiya, kuma adadin na manne a jikin ƙofar direba. Ƙananan motoci yawanci 30 zuwa 35 ne a ma'aunin PSI. Lambar da ke jikin tayar iyakarta ce, ba abin da za a sa ba. Kada ka bar mai faci ya auna da bugun ƙarfe ko da ido. Ce masa, "Masta, sa geji mu gani," ka duba da kanka. Tayar da iska ta yi wa kaɗan tana naɗewa a kwana, wadda ta yi wa yawa da tsakiyarta kawai take taka ƙasa.

A cikin ramukan zanen taya akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6. Zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare, kuma a damina tun a milimita 3 riƙonta a ruwa ya ragu sosai. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar su ne ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar hannu da ta shekara shida ko fiye, robarta ta bushe ko da zanenta na da kyau. Mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe kuma don sanyin Turai aka yi ta, a zafinmu laushi take yi tana saurin cinyewa. In biyu kawai za ka iya saya, sa sababbin a baya ko da motar da gaba take ja. Da yawa za su ce maka akasin haka, amma zamewar gaba ana gyara ta da ɗaga ƙafa, ta baya kuwa sai gwani. Tayoyi biyu na layi ɗaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya.

In ka shiga Magazin, unguwar makanikai a Suame, sa makanike ya ɗaga motar a jak. Ya kama taya dama da hagu ya girgiza: motsi a nan tayarod ne ko rak, ƙarafan da ke kai juyin sitiyari ga taya. Ya kama sama da ƙasa: boljoyin ne ko boris. Duba shokozoba ko tana yoyon mai; danna kusurwar motar ka saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya ta mutu, kuma bibbiyu ake canza su. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka yawanci 'yan sandunan sitabilaiza ne, kuma kada ka yarda a cire su a yar don ƙarar ta daina, su ke hana mota kwanciya a kwana. Ƙas-ƙas lokacin da ka karya sitiyari har ƙarshe, shaf ne. Motar da aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu, a duba maƙalan rak ɗin da duk inda aka yi walda. Bayan an taɓa tayarod ko boljoyin sai an yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni.